Daga Gammo Zuwa Dogo: 'Yan Dakon Paraku da Tarihin Diyya

Layin dogon da ya taso daga bakin teku a Kwatano ya yi tafiyar kilomita 438 zuwa arewa, sannan ya tsaya cik a Paraku. Turawan Faransa sun raɗa masa suna Benin-Nijar, domin niyyarsu ya kai bakin Kwara, amma tun da ya iso Paraku a 1936 bai ƙara ko taku ɗaya ba. Daga nan zuwa Malanbil, inda ake haye kogi a shiga Gaya, da sauran tafiyar fiye da kilomita 300. Wannan giɓi shi ya tsara rayuwar garin shekaru masu yawa. Duk buhun da jirgi ya kawo sai an sauke shi daga tarago an ɗora wa mota, wanda mota ta kawo daga Maraɗi ko Doso shi ma sai an sauke shi an cusa a tarago, kuma galibin wannan aiki da kai da kafaɗa aka yi shi. Da haka Paraku ta zama garin direbobi da yaran mota da 'yan dako, kuma a unguwanni irin su Zango da Ladjifarani ana jin Hausa tana gogayya da Dendanci da Barganci.

Tarihin irin wannan gari yakan zo da sunayen sarakuna da attajirai da gwamnoni. Akwai kuma wata tambaya da ta ratsa shi tun zamanin fatake: idan kaya ya danne mai ɗaukarsa, ya karye ko ya mutu a bakin aiki, wa zai ɗauki nauyin iyalinsa? Amsar ta sauya sau da yawa cikin shekara ɗari biyu. A ƙarshe doka ta yarda cewa jinin ma'aikaci yana da diyya, sai dai ta gindaya sharaɗin a same shi rubuce a littafin mai aiki, ɗan dako kuwa da wuya a same shi a can.

Kafin dogo, hanyar da ta raya wannan yanki daga gabas take zuwa yamma. Fataken goro sukan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata da busasshiyar albasa, su haye Kwara a wajen Yawuri ko Busa ko Illo, su ratsa ƙasar Bargu ta Niki da Paraku, su sauka Jugu, sannan su miƙa zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga take. A Jugu sarauta tana Kilir, baƙi 'yan kasuwa kuwa suna da tasu unguwa, Wangara, inda Dendanci ya zama harshen ciniki. Ayari guda yakan kai mutum dubu ko fiye. Bature Clapperton, da ya ratsa Bargu a 1826, ya tarar da irin wannan ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, maza da mata sun haura dubu, dabbobi ma kamar haka. Zuwa da komowa kan cinye wata shida, wani lokaci har shekara.

Ayari yana da tsari irin na ƙaramar gwamnati. Madugu shi ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya, malamin ayari yana zaɓar ranar tashi yana kuma rubuta lissafi. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai waɗanda nauyin tafiyar ya hau kansu a zahiri, wato bayi da barori da mata da 'yan alaro. Kalmar alaro daga Yarbanci Hausa ta aro ta, kuma tana nufin wanda ake biya ya ɗauki kaya a ka zuwa wani gari mai nisa. Abin da ya raba kan ɗan alaro da huhun goro shi ne gammo, tsumma ko ganye da aka naɗe. Idan aka nemi kayan kariyar ma'aikaci na wancan zamani, gammon nan ke nan, sai takalmin fata ga wanda ya samu.

Haɗarin hanyar sananne ne. Bargu ta yi suna da 'yan kwanta-kwanta, har 'ya'yan sarauta sukan tare ayari, shi ya sa fatake ba sa tafiya sai da yawa kuma da makami. Tsando yakan kashe jakuna a kurmin kudu, kuma jakin da ya faɗi, kayansa kan mutane yake komawa. Ga kurkunu daga ruwan tafki, ga atuni, ga agana, ga kogunan da ake hayewa da damina. Goro kuwa abin lallashi ne. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu an tsince wanda sankara ta kama, an yayyafa ruwa, an sake ganye, domin ƙwarya ɗaya da ta lalace hasarar goro ɗari ce. Mai karatu zai iya auna wa kansa wanda aka fi dubawa a zango tsakanin huhu da wuyan da ya ɗauko shi. Ayarin da goronsa ke bushewa ba ya iya dogon jiran majinyaci.

Malaman da ke cikin ayari da na unguwannin Wangara mazhabar Malikiyya suke bi, kuma fiƙihu bai yi shiru a kan ƙwadago ba. Ya wajabta a fayyace lada da aiki kafin a fara, ya hana a ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, ya tsananta a kan mai cin guminsa ɗan ƙwadago. Diyyar kisan kuskure ma a fayyace take: raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗuwa su biya. Amma diyya tana bin wanda ya jawo mutuwar ne. Inda babu wanda ya yi sakaci ko ta'adi, babu wanda za a bi. Shi ya sa malamai suka yi hukunci, bisa hadisin da ya zo a Muwaɗɗa, cewa wanda aka ɗauka haƙar rijiya ko ma'adini, ramin ya rufta da shi, ba a bin wanda ya ɗauke shi aikin diyya. A ɗaya gefen kuma, Malikiyya ta ɗora wa mai dakon kayan abinci lamunin abin da ya salwanta a hannunsa, sai in ya kawo shaida. Hikimar hukuncin a bayyane take, domin abinci abu ne da hannu ke saurin kaiwa gare shi. Sakamakonsa ga ɗan dako dai shi ne, in buhu ya ɓata zai biya, in bayansa ya karye ƙaddara ce. Dokokin Turai ma, a mafi yawan wancan ƙarni, a nan suka tsaya: sai lebura ya tabbatar da laifin mai aiki a gaban alƙali kafin ya sami ko anini.

Abin da ya cike giɓin shi ne zumunci. Fatoma, wato mai masaukin fatake, yakan riƙe majinyacin da ayari ya bari, ya adana kayan mamaci har magada su zo ko a aika musu. Jama'ar zango sukan yi wa baƙo wanka da sutura da salla ko ba a san garinsu ba, tunda wannan farilla ce a kan al'umma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma har gobe shi ne inshorar mafi yawan 'yan dako. Sai dai sadaka ce, mai bayarwa ke yanke yawanta, marayu ba su da ikon cewa ta yi kaɗan. A rubuce kuwa, madugai ne suka bar suna. Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya yi fataucin Adamawa, har tarihin rayuwarsa ya ba Bajamushe Flegel aka rubuta, ya kuma je Balin a 1884. 'Yan alaro a littattafan matafiya adadi ne kawai, a jera su tare da jakuna.

Shekarar 1898 ta zo da abubuwa biyu da ya kamata a ajiye su kusa da juna. Ranar 9 ga Afrilu majalisar Faransa ta kafa dokar haɗarin aiki, wadda ta juya tsohuwar ƙa'ida. Bisa wannan doka, leburan masana'anta da ya ji rauni a bakin aiki ba ya bukatar ya nuna laifin kowa. Haɗari ya zama wani ɓangare na tsadar sana'a, mai masana'anta ne zai biya, gwargwadon abin da doka ta yanka, ga mai rauni ko ga matarsa da 'ya'yansa. Wata biyu bayan haka, ranar 14 ga Yuni, Faransa da Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba Bargu biyu, Busa da Kayama suka faɗa hannun Ingila, Niki da Paraku da Jugu suka zama arewacin Dahome. Ƙasar ta shiga hannun Faransa, dokar kuwa ta tsaya a can gida.

Abin da ya iso Bargu shi ne bukatar masu ɗaukar kaya. Babu dogo, babu mota, kuma kowane kwamanda da kowane soja da kowace wayar tangaraho sai an kai su arewa. Sai aka riƙa aiko wa sarakuna da adadi, su kuma su fito da mutane. A takarda kayan mutum ɗaya kilo 25 ne. Bayan dako akwai aikin tilas na shekara-shekara, wanda aka tsara a 1912 a dukan Afirka ta Yamma ta Faransa: kowane baligi zai ba gwamnati wasu kwanaki kyauta, yana sharar hanya ko gina gada ko bariki. Wanda ya ƙi, dokar talakawan mulkin mallaka ta ba kwamanda ikon ɗaure shi har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Ɗan alaro na dā aƙalla yakan yi ciniki a kan ladansa. Wanda aka kamo daga gona ana tsakiyar shuka ba shi da wannan dama, kuma tunda ba a ɗauke shi ma'aikaci ba, haraji ne yake biya da jikinsa, maganar diyya ba ta ma taso ba.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo aka ƙara da ɗiban soja, sai tura ta kai bango. A 1916 Bio Guéra ya ja mutanen Bargu suka yi tawaye a yankin Bembereke, arewa da Paraku, aka kashe shi a watan Disamba na shekarar. A duwatsun Atakora, arewa da Jugu, Kaba ya riƙe nasa yaƙin har 1917. Yau akwai dandali da sunan Bio Guéra a Paraku, akwai kuma babban mutum-mutuminsa a Kwatano. Ana tuna shi a matsayin jarumin da ya ƙi Nasara, kuma haka ne, amma cikin abubuwan da suka tunzura mutanensa har da dako da aikin hanya.

Shi kansa dogon an fara shi a 1900. Injiniyoyin soja suka ja aikin ƙasa, sarakunan kudu suka kawo leburori bisa umarni, wani kamfanin Faransa ya karɓi shimfiɗa ƙarfe da tafiyar da jirage. Kafin yaƙi layin ya kai Sabe, kilomita 261 daga teku, ya yi zaune a can kusan shekara ashirin, sannan aka ja shi zuwa Paraku. Aiki ne na diga da shebur da kwando: a sare daji, a fasa dutse, a cike kwari da ƙasar da aka ɗebo a ka. Ɗalibin Hausa ya san wannan aiki ta wata hanya, domin a daidai lokacin ne Ingilishi suka ja nasu layin daga Baro zuwa Kano, daga 1907 zuwa 1911, da leburorin da sarakuna suka tara, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi Waƙar Diga a kansa. Rahotannin gwamnatocin biyu sun fi damuwa da yawan kwanakin aikin da aka samu da yawan waɗanda suka gudu. Gudu kuwa shi ne babbar kariyar lebura a lokacin, kuma iyakar da aka shata a 1898 ta yi masa amfani, domin mutanen Dahome da na Nijar da yawa sun tsallaka ƙasar Ingilishi don su tsira.

Inda abin ya fi muni shi ne Kwango. Layin da Faransa ta gina daga Barazabil zuwa teku tsakanin 1921 da 1934, mai tsawon kilomita 500 da 'yan kai, ya ci rayukan leburori aƙalla 17,000, da yawansu an kwaso su ne daga kudancin Cadi. Marubuta irin su André Gide da Albert Londres suka fallasa abin a Faransa, aka yi ta cece-kuce. A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya ta 29 a kan aikin tilas, Faransa ba ta amince da ita ba sai 1937, da yaƙi ya sake ɓarkewa kuma aka koma gidan jiya. Ingila ma da ta rasa kuzar Malaya sai ta tilasta wa talakawan Arewa kimanin 100,000 zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, abin da Hausawa suka kira ɗiban gwamna, ɗaruruwa suka mutu da sanyi da yunwa da cuta.

A 1932 ne aka fara kafa dokar haɗarin aiki a Afirka ta Yamma ta Faransa, shekara 34 bayan ta Faransa. Ita ma ta karkata ne ga wuraren da ake aiki da inji. Wanda injin gurzar auduga ya cinye wa hannu yana da ƙofar da zai buga, wanda dilar audugar ta faɗo wa a ka yana lodi kuwa, sai dai a ce Allah ya sawwaƙe.

Sauyi na gaske ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba kyauta aka ba da shi ba. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka kafa dokar da ta haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny na Kodebuwa, kuma wakilin Dahome, Sourou-Migan Apithy, yana cikin waɗanda suka mara mata baya. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 10 ga Oktoba 1947, ma'aikatan jirgin ƙasa na dukan yankin suka ajiye aiki, daga Dakar har Kwatano da Paraku, ƙarƙashin jagorancin Ibrahima Sarr. Ba su koma ba sai 19 ga Maris 1948, fiye da wata biyar. An fi sanin wannan yajin aiki ta littafin da Sembène Ousmane ya rubuta a kansa a 1960, wanda ya tsaya a layin Dakar zuwa Bamako, amma ma'aikatan Benin-Nijar ma sun jure har ƙarshe.

Abin da suka nema ya shafi tambayar da ke gaban wannan tarihi kai tsaye. A lokacin hukumar jiragen tana da Turawa ƙasa da 500, da 'yan Afirka na dindindin ƙasa da 2,000, da 'yan wucin gadi fiye da 15,000. Ɗan wucin gadi yana iya shekara goma yana zuba gawayi a tukunyar jirgi ko yana haɗa taragu, aikin da ke cin yatsu da ƙafafu, amma a takarda kamar jiya aka ɗauke shi, kuma gobe ana iya sallamarsa. Masu yajin suka ce a zuba kowa a tsari ɗaya, baƙi da fari, na dindindin da na wucin gadi. Ba su sami duk abin da suka nema ba, an kuma rage ma'aikata daga baya, amma an shigar da 'yan wucin gadi masu yawa cikin tsarin, gwamnati kuma ta gane cewa leburan Afirka ya san darajar rajista.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da aiki na yini ɗaya a yankin baki ɗaya don majalisar Faransa ta daina jan ƙafa, ranar 15 ga Disamba kuma aka kafa kundin dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare. Lokacin ɗan Paraku, Hubert Maga, wanda daga baya ya zama shugaban Dahome na farko, yana wakilci a majalisar. Kundin ya kawo aikin awa 40 a mako, da hutu mai albashi, da sufetocin aiki masu ikon shiga ma'aikata su duba. Ranar 24 ga Fabrairu 1957 aka fitar da dokar diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a, wadda a ƙarshe ta kawo ƙa'idar 1898 Afirka, bayan shekara 59. Sai dai kundin 1952 ya fayyace wanda yake nufi da ma'aikaci: mai aiki a ƙarƙashin umarnin wani, a kan albashi. Manomi da mai tallan kai da yaron da ubangidansa ke ciyarwa a madadin lada, da wanda ake biya buhu-buhu a bakin tasha, duk suna wajen katanga. Masu mulki sun yi haka da gangan, domin so suke su ware 'yan ma'aikata kaɗan masu natsuwa su kula da su, sauran jama'a kuma a bar su da abin da aka kira al'ada.

A shekarun da ake wannan gwagwarmaya ne aikin dako ya bunƙasa a Paraku. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi zuwa Ikko, abin da bai yi wa Faransa daɗi ba. A farkon shekarun 1950 sai ta ƙirƙiro wani shiri da ta kira Hirondelle, wato tsattsewa, inda aka rage kuɗin sufuri don motoci su kawo gyaɗa Paraku su koma da siminti da man fetur da kayan kanti. A 1958 aka buɗe gada tsakanin Malanbil da Gaya, a 1959 kuma ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgi da sufuri, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, garinsa ma ta nan ya riƙa bi a cikin durom-durom, daga mota zuwa tarago, farar wutar da ake sarrafa shi da ita kuma tana haurawa arewa. Ma'aikacin hukumar yana da lamba da katin asibiti da fansho. A gefensa, a kan dandamali ɗaya, akwai wanda ɗan kwangila ya ɗauko da safe zai sallama da yamma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yaron mota ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ke ɗaure tamfol a saman lodi mai tsawon mutum biyu, shi ke sa waigi a ƙarƙashin taya a kan gangara, shi ke shiga ƙarƙashin mota tana kan jak, shi ke kwana a gindinta yana gadi. Sau da yawa ba shi da albashi, ladansa abinci ne da koyon tuƙi, da fatan wata rana ubangida zai yi masa lasin. Idan ya faɗo daga saman lodi a hanyar Kandi, a takardar jandarma haɗarin mota ne, ba haɗarin aiki ba. Mai mota na kirki yakan biya asibiti, ya kai wa iyaye ta'aziyya da abin sadaka, kamar yadda fatoma yake yi a zamanin ayari. Wanda ba na kirki ba yakan ɗauki wani yaron kafin sadakar uku.

Dokokin Benin na yau ba su da laifi a takarda. Kundin ƙwadago na 27 ga Janairu 1998 ya ɗora wa mai aiki kare lafiyar ma'aikatansa, ya kuma wajabta kwamitin tsafta da kariya a duk ma'aikatar da ke da mutum 30 ko fiye. Kundin 2003 ya tsara asusun CNSS, wanda mai aiki kaɗai ke zuba wa kuɗin haɗari, tsakanin kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na albashi gwargwadon haɗarin sana'ar. Idan haɗari ya auku, a sanar cikin awa 48, asusun ya biya magani da kuɗin kwanakin jinya, da fansho ga wanda ya naƙasa ko ga magadan wanda ya rasu. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar ba su cikin kowace rajista. A cikinsu akwai 'yan dakon kasuwar Arzeke ta Paraku, da masu acaɓa, da magina, da masu safarar fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Nijeriya, wanda a can ake kira kpayo. Ranar 23 ga Satumba 2023 wani rumbun irin wannan fetur ya kama wuta a Seme-Krake, kan iyakar kudu, mutum fiye da 30 suka ƙone. Wurin aiki ne, ko da yake ba wani sufeto da zai same shi a jerin ma'aikatu.

Ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar da duniya ta keɓe don tuna waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a bakin aiki. Ƙungiyoyin ƙwadagon Kanada suka fara ta a shekarun 1980, suka zaɓi ranar saboda a irinta ne a 1914 majalisar lardin Ontariyo ta zartar da dokar diyyar ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadagon duniya suka karɓe ta a 1996, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta mai da ita ranar kariya da lafiya a wurin aiki a 2003. Ƙiyasin da ƙungiyar ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aiki, kimanin 330,000 a haɗari, sauran ta cututtukan da aikin ya jawo, kamar na huhu da na zuciya. Ƙiyasi ne, domin a ƙasashe da yawa babu cikakkiyar ƙidaya. A wasu ƙasashe al'adar ranar ita ce a karanto sunayen mamatan shekara ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan karatu yana bukatar wanda ya rubuta sunan tun farko, da ranar, da abin da ya faɗo. A tashoshin mota na Paraku da Jugu masu wannan sani su ne shugabannin 'yan dako da na direbobi da limaman da suka sallaci gawa, kuma a ka suke riƙe da shi. Littafi guda a ofishin kowace ƙungiya, da za a riƙa rubuta wanda ya ji rauni da yadda ya ji, zai nuna wace mota ce, wane irin lodi ne, wace kwana ce ke yawan cin mutane, kuma da irin wannan lissafi ne ma'aikatan wasu ƙasashe suka tilasta aka rage nauyin buhu aka kuma sa shinge a jikin inji.

Jirgin fasinja ya daina zuwa Paraku tun shekarun 2000, manyan motoci suka kwashe mafi yawan kayan daga tashar jiragen ruwa kai tsaye. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, da nufin a haɗa shi da Paraku, amma rigimar kwangila ta tsayar da aikin, ƙarfen yana kwance a rana. Sai kuma juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da takunkumin da ya biyo baya. Aka toshe gadar Malanbil, ɗaruruwan motoci suka yi layi a hanyar da ta taso daga Paraku. Benin ta buɗe nata gefen a farkon 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Kaya dai ba su daina hayewa ba, sun koma fito kamar zamanin fatake. A sauke buhu daga mota, matashi ya naɗa gammo ya ɗauka, ya gangara gaɓa, ya taka ruwa ya ɗora a kwalekwale, a ɗaya gaɓar wani ya sauke ya hau da shi tudu, ana biyan kowannensu a kan buhu.